Copa Mundial a ƙafar ɗan wasan ƙaramin rukuni: inda yake da amfani a filayen Kaduna da inda yake gazawa

Ɗan ƙwallon da ke taka leda a rukunin NNL ko NLO, wato rukuni na biyu da na uku na gasar ƙwallon Najeriya, galibi da kuɗin aljihunsa yake sayen takalmi. Kulob zai ba shi riga da wando da safa ranar wasa, a wasu wuraren ma a karɓe su da zarar an tashi, amma abin da zai sa a ƙafa, wannan nasa ne. Babu kamfanin da ke aiko masa da kwali duk bayan wata biyu kamar yadda ake yi wa na Turai. Da takalmi ɗaya zai yi atisayen safe a jar ƙasa, da shi zai shiga mota a tafi wasan waje, da shi kuma zai je gwaji a wani kulob in kaka ta ƙare ba a sabunta masa kwantiragi ba. Ga albashi da kan makara, ga kuɗin sa hannu da ake biya kashi-kashi. Mai irin wannan hali, abin da ya dame shi shi ne wane takalmi ne zai kai shi ƙarshen kaka bai cinye masa ƙafa ba, in kuma ya ɓalle shumeka ya iya ɗinkewa.

Da wannan ma'auni muka auna Copa Mundial na kamfanin Adidas, baƙin nan mai farin layi uku da dogon harshe da ake naɗowa a kan igiya. A ganinmu, ga ɗan baya da ɗan tsakiya da ke wasa a busasshen fili ko ciyawa, da wuya a samu takalmin da ya fi shi biyan kuɗinsa, ko da na gwanjo ne, matuƙar na gaske ne kuma an duba shi da kyau kafin a biya. A caɓin watan Agusta kuwa, da kuma kan ciyawar roba da rana tsaka, yana da matsalolin da bai kamata a ɓoye wa mai saye ba.

Takalmin ya fito a 1979, aka san shi sosai a gasar cin kofin duniya ta 1982 da aka yi a Sifen, kuma tun daga lokacin siffarsa ba ta sauya wani abin kirki ba. A garin Scheinfeld na ƙasar Jamus ake yin sa. Abin da ya yi suna da shi shi ne fatar kangaru, musamman a gabansa inda ƙwallo ke taɓawa, fata ce marar kauri amma mai ƙwari, wadda ke bin siffar ƙafa in ta saba. Wannan fata tana ƙara wuya a kasuwa, domin a 2023 Nike da Puma sun ba da sanarwar daina amfani da ita. Ƙasansa na roba ne mai haƙora 12 da aka zubo tare da shi, takwas a gaba, huɗu a dunduniya, dukansu gajeru masu zagaye. Nauyin ƙafa ɗaya ya haura giram 300, alhali takalman gudu na zamani suna wajen giram 200, wasu ma ba su kai ba.

Waɗannan haƙora 12 su ne babban dalilin da ya sa ya dace da garin nan. Kaduna gari ne na ƙwallo tun da can. A ƙungiyar masaƙar UNTL Rashidi Yekini ya faro, Daniel Amokachi kuma daga Ranchers Bees ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. Ranchers ɗin ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989, Kaduna United kuma ta doke Enyimba a bugun fenareti ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Amma duk da wannan tarihi, ɗan wasan ƙaramin rukuni ba kullum yake samun shiga filin wasa na Ahmadu Bello ko na Ranchers Bees ba. Yawancin guminsa a Dandalin Murtala yake zuba, da filayen makarantu na Tudun Wada, Kawo, Kakuri, Barnawa da Rigasa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu irin waɗannan filaye kan bushe su yi tauri kamar daɓe, ga tsakuwa a sama. A irin wannan ƙasa haƙori ba ya nutsewa. Nauyin mutum gaba ɗaya a kan bakin haƙoran yake sauka, to in guda shida ne dogaye, kowanne zai riƙa sukar tafin ƙafa daga ƙasa, kafin a tafi hutun rabin lokaci ƙafa ta ɗau zafi. In 12 ne gajeru, nauyin ya rabu, ƙafa tana kusa da ƙasa, idon sawu ba ya saurin gurɗewa.

Zagayen haƙoran ma yana da nasa amfani. Masu faɗi kamar reza, irin na takalman gudu, suna kama ƙasa sosai in za a tashi da gudu, amma in mutum ya kafa ƙafa ya juya jiki, takalmin kan ƙi juyawa tare da shi, sai murɗawar ta hau gwiwa. Mai zagaye yana sakin ƙasa da sauƙi. Ɗan wasan da babu wanda zai ɗauki nauyin yi masa aikin gwiwa, ya kamata wannan ya fi damunsa fiye da launin takalmi. Jijiyar gwiwa in ta tsinke, ko ga wanda ya samu aiki mai kyau watanni ne masu yawa a waje, balle wanda za a ce ya koma gida ya yi jinya.

Wajen taɓa ƙwallo, fatar tana da laushin da ke kashe ƙarfin ƙwallo in ta zo, abin da ke da amfani ƙwarai a filin da ƙwallo ke tsalle ba bisa ƙa'ida ba. Mai son jin ƙwallo kamar ba takalmi a ƙafarsa ba zai samu haka a nan ba, akwai ɗan kauri tsakaninsa da ita. Wannan kaurin ne kuma ke rage zafi in aka taka mutum, kuma a ƙananan rukunai ana taka mutum.

Yawancin waɗanda suka ce takalmin bai yi musu ba, a wajen lamba suka yi kuskure. Copa Mundial yana da ɗan tsawo fiye da lambarsa, fatar kuma tana buɗewa ta gefe bayan an yi 'yan wasanni da shi. Wanda ya saye shi yana jin daɗinsa sakayau tun a kasuwa, bayan wata guda ƙafarsa za ta riƙa yawo a ciki. Shi ya sa da yawa suke rage rabin lamba daga wadda suka saba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a auna ƙafa da yamma, lokacin da ta ɗan kumbura. A sa safar wasa, a shimfiɗa takarda a jikin bango, a tsaya a kai dunduniya na taɓa bangon, a ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, a auna da rula. A yi wa ƙafa biyun, a ɗauki wadda ta fi. A takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmin akwai lambobi jere, ta ƙarƙashin JP ita ce tsawo a milimita: lamba 8 ta Ingila ita ce 42 ta Turai, ita ce kuma 265 ta JP, lamba 9 ita ce 43 da sulusi, wato 275. In an sa takalmin an ɗaure, sararin da zai rage a gaban babban yatsa kada ya wuce rabin santimita. Gefe ya matse kaɗan ba laifi, zai buɗe. Amma in yatsa yana dukan gaba, a ajiye shi, tsawo ba ya ƙaruwa, farce ne zai yi baƙi ya fita.

Sabon Copa yana bukatar a hore shi. Kwana biyu ko uku na farko a sa shi da safar wasa a yi tafiya a ciyawa ko yashi na minti 20 zuwa 30. Daga nan a shiga atisaye da shi rabin sa'a, a cire a koma tsohon. A shafa basilin a bayan dunduniya, ko a manna filasta tun kafin bororo ya fito. Sai ya yi atisaye uku ko huɗu cikakku sannan a shiga wasan gasa da shi. Akwai masu tsoma ƙafa da takalmin a bokitin ruwa don fatar ta yi saurin kama siffa. In za a yi haka, ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, kuma kada a wuce minti goma. Ruwan zafi yana sassauta haɗin da ke tsakanin fata da roba, kuma daga nan ne ɓallewar baki ke farawa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna wasan ƙarshe na kofin duniya na 1990. Takalmin Lothar Matthäus ya lalace, ya sauya wani a hutun rabin lokaci, da aka ba Jamus fenareti sai ya ƙi bugawa saboda bai saba da wanda ke ƙafarsa ba, Andreas Brehme ne ya buga ya ci Ajantina. Kyaftin ɗin ƙasa ke nan. Yaron da zai je gwaji, inda koci zai kalle shi na minti 20 cikin mutum hamsin, bai da dalilin ɓare sabon takalmi a safiyar ranar.

Sai inda yake gazawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi takalmin fata kuma ya san zai sha ruwa. Daminar Kaduna tana da tsawo, daga wajen Mayu har Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. In fili ya jiƙe, Copa yana tsotse ruwa ya ƙara nauyi, fatar ta saki, ƙafa ta fara zamewa a ciki. Laka kuma tana cika tsakanin gajerun haƙoran har ƙasan ya koma sumul, mai tsaron baya ya zo juyawa ya ga kansa a ƙasa. A irin wannan rana ɗan'uwansa da ake kira World Cup ya fi shi, shi ne mai haƙora shida da ake ɗaurawa da kwancewa. Sai dai shi kuma a busasshen fili azaba ne, don haka ba takalmin da mai guda ɗaya zai saya ba ne.

Na biyu ita ce ciyawar roba, wadda yanzu take a filaye da dama da kulob-kulob na Arewa ke zuwa wasa. Haƙoran Copa ba su da illa sosai a kanta idan aka kwatanta da masu faɗi, amma fatar bakin takalmin tana shan wahala. Robar tana goge ta kamar sanfefa, musamman ƙafar da ake ja a ƙasa bayan an buga ƙwallo. Da rana kuma filin yana ɗaukar zafi mai tsanani, baƙar fata ta ƙara nata, sai tafin ƙafa ya riƙa raɗaɗi. Wanda kulob ɗinsa a kan roba yake atisaye kullum, gara ya nemi Mundial Team, mai ƙananan haƙora birjik a ƙasa, ya bar Copa don ranar wasa. Tsakuwar filayen unguwa ma haka take yi wa bakin, a hankali dai.

Nauyin ma gaskiya ne. Ɗan gefe da gudu ne jarinsa zai ji shi, ko da rabin abin a zuciya yake. Ba za mu ce ya dage ba.

Yanzu batun saye, inda aka fi yin asara. Sabo fil na gaske yana da tsada, kuma farashinsa yana bin dala. Ga 'yan wasa da yawa a waɗannan rukunai, kuɗinsa zai iya haɗiye albashin wata ɗungurungum. In aka ga sabo a kwali ana sayar da shi a kuɗin da bai kai na gwanjo mai kyau ba, jabu ne, babu wani dogon bincike. Shi ya sa mafi yawa suke nufar gwanjo, a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada, ko wajen masu baza takalma a kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko kasuwannin mako irin ta Kawo da ta Kakuri. Mai takalma zai zube su a kan buhu, an wanke an goge an cusa musu takarda, an ɗaure kowace ƙafa da 'yar'uwarta da igiyarsu. Daga nesa duk ƙyalli suke yi, domin baƙin man takalmi yana rufe aibi da yawa. Wanda ya saba da wani ɗan kasuwa, ya roƙe shi ya kira shi ranar da za a fasa dila, don na kirki ba sa kwana.

In an ɗauki takalmin, kafin a tambayi kuɗi, a fara juya shi a duba ƙasa. Haƙoran dunduniya na gefen waje su ne ke fara cinyewa. In sun ragu da rabi, ko wasu sun fi wasu tsawo har takalmin yana karkata in an ajiye shi a kan benci, to ya gama aikinsa a ƙafar wani, kuma haƙoran Copa ba a sauya su. Daga nan a riƙe shi hannu biyu a lanƙwasa daidai inda yatsu ke lanƙwashewa, a kalli robar a cikin haske. Ko siririn tsagi aka gani ya ratsa ta, a mayar. Sai a danna haƙori ɗaya da farce da ƙarfi. Irin wannan roba, in ta daɗe a ajiye a wuri mai danshi, takan mutu ko ba a taɓa sa takalmin ba: za a ji ta tana danƙo, ko tana marmashewa kamar busasshen sabulu. Takalmi irin wannan yana iya zama kamar sabo a ido, ya watse a atisayen farko.

Bayan ƙasa sai baki. A sa babban yatsa a tura fatar sama daga inda ta haɗu da roba, a zagaye gaban duka. In ta buɗe kaɗan kuma fatar lafiya take, wannan gyararre ne, dalili ne ma na neman ragi. In kuwa an ga busasshen farin gam ya yi tauri a wurin, fatar ta ƙone ta yi kaushi kamar ɓawon itace, an riga an yi masa mugun gyara. A zare shimfiɗar ciki a leƙa: allon da ke ƙarƙashinta kada ya zama ya karye ko ya ruɓe. A matse bayan dunduniya da yatsu biyu, ya kamata ya yi tauri ya dawo. In ya kwanta, mai shi ya riƙa take shi kamar silifas, ba zai ƙara riƙe dunduniya ba. A sa hannu a shafa rufin cikin dunduniyar, in ya huje, wurin ne zai riƙa yin bororo.

Sannan a tabbatar na gaske ne. Lambar da aka daɗe da sanin samfurin baƙi da fari da ita ita ce 015110, tana jikin takardar harshe tare da rubutun da ke nuna a Jamus aka yi shi. Masu jabu suna iya kwafar wannan, don haka hannu da hanci sun fi takarda faɗin gaskiya. Fatar gaske in an danna ta tana yin ƙananan tamoji masu laushi ta koma, tana kuma ƙamshin fata. Ta jabu sumul take kamar leda, tana warin roba da gam, in an kankare ta kaɗan a ɓoyayyen wuri sai a ga yadi a ƙasa. Fararen layukan uku ɗinke suke, gefensu yana da ƙananan haƙora kamar na zarto, ɗinkin kuma a miƙe yake babu zare a sake. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: a gwada lambar ƙafar dama da ta hagu. A dila ana samun ƙafa biyu da ba tare suka taso ba, ɗaya 42 ɗaya 42 da sulusi biyu, ko ɗaya ta fi ɗaya tsufa.

Sai an gama wannan duka ake cewa, “Maigida, nawa ka bari?” In ya ce albarka, a nuna masa bakin da ya ɗaga, a ce kuɗin shumeka za a cire. A sa ƙafa biyun da safar wasa, a ɗaure, a tsaya a kan yatsu, a tsuguna. Ɗan kasuwar da ya san kayansa ba zai hana ba.

Abin da ya sa muke fifita shi a kan takalman zamani na gwanjo shi ne gyara. Na zamani, samansu siririyar roba ce ko saƙa, in ta tsage babu inda zare zai kama, sai a yar. Fata kuwa tana karɓar basilla. Amma gyaran ma sai an tsaya a kai, domin shumeka da yawa aikin takalmin zuwa ofis suka saba. In baki ya ɓalle, a fara kakkaɓe yashin da ya shige da tsohon buroshin haƙori, a bar wurin ya bushe sarai. A goge fuskokin biyu da sanfefa, ta fata da ta roba, har tsohon gam ya fita. A shafa gam ɗin takalmi mai ruwan ɗorawa a kowace fuska, siriri, a bar shi a buɗe minti 10 zuwa 15, sai an taɓa da yatsa an ji ba ya biyo hannu. Nan ne ake yawan ɓata aiki, a shafa a haɗe nan take saboda mai takalmi yana tsaye yana sauri. In ya sha iska sai a haɗa, a bubbuga da guduma, a naɗe da robar tsohon tif, a ajiye har kwana guda. Kada a yarda a ɗiga gam ɗin nan mai kamawa nan take. Yana bushewa ya zama kamar gilashi, wurin kuma lanƙwashewa yake yi a kowane taku, sai ya karye ya tafi da fatar.

Bayan gam sai ɗinki, kuma mun fi son a yi shi tun takalmin bai ɓalle ba, da zarar an sayo na gwanjo. A cire shimfiɗar ciki tukuna. Shumeka ya ja ɗan siririn kwari a gefen robar da wuƙa don zaren ya kwanta a ciki, in ba haka ba ƙasa za ta cinye shi cikin mako biyu. Zaren ya zama na nailan mai ƙwari, tazarar huji da huji kamar santimita ɗaya, in sun matsu da juna robar za ta yage a kan layin. Gaban kawai ake zagayewa, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gindin babba. A ce masa, “Malam, don Allah kada ƙulli ya zauna a ƙarƙashin yatsa,” sannan a sa hannu a shafa ciki kafin a biya. In fatar ce ta huje a sama, daga ciki ake yin faci da siririyar fatar akuya da aka feƙe gefenta, a manna sannan a ɗinke. Facin waje yana ɓata yadda ƙwallo ke tashi.

Abu biyu ne ba su gyaruwa: robar ƙasa da ta tsage gida biyu, da haƙoran da suka cinye. Akwai masu buga ƙusa ko guntun taya a madadin haƙori. Wannan haɗari ne ga mai shi da wanda zai taka, kuma dokar wasa ta huɗu ta hana sa duk abin da zai iya jin wa wani rauni. Alƙalin wasa yana duba ƙasan takalma kafin a fita, yana da ikon mayar da mutum. Haƙorin da siminti ya feƙe har ya yi kaifi ma, a goge bakinsa da sanfefa tun a gida.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Da an tashi daga fili a cire shi a sa silifas, tafiya da shi a kan kwalta daga fili zuwa bakin titi tana cin haƙora fiye da wasan kansa. A gida a buga ƙafa biyun da juna ƙasa ta zube, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a zare shimfiɗar ciki, a sassauta igiya. In ya jiƙe, a cusa masa tsohuwar jarida, a sauya ta in ta sha ruwa, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Kada a ɗora shi a kan kwano a rana, kada a kai shi bakin murhu ko kusa da janareta. Zafi yana ƙanƙance fata ta yi tauri, sa'annan ta tsage a inda take lanƙwashewa. Kada a jiƙa shi a garin sabulu, yana wanke man da ke cikin fatar. Kada kuma ya kwana a ƙulle cikin leda, wanda shi ne abin da ke faruwa in an dawo daga wasan waje da tsakar dare kowa ya gaji. Kwana biyu a haka a damina, fumfuna ta kama shi.

Da hunturu matsalar juyawa take yi, iska ce ke busar da fatar kamar yadda take busar da leɓe. Sau ɗaya a mako a shafa masa man fata, in babu, man kaɗanya ya isa, kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ga kowace ƙafa. A murza da yatsa har ya shige, a bari ya kwana, da safe a goge. In aka cika mai, fatar za ta yi laushi fiye da kima ta buɗe, ƙura kuma ta manne. A kauce wa layin da fata ta haɗu da roba, mai yana kashe gam. Shi kuwa man takalmi na gwangwani, ƙyalli kawai yake bayarwa.

Harshen nan dogo, wasu suna yanke shi, ba ya rage wa takalmin komai in an bar abin da zai rufe ƙarƙashin ƙulli. Sai dai mai niyyar sayar da shi gaba ya bar shi yadda yake. Igiyarsa doguwa ce, da yawa suna zagaya ta ƙarƙashin takalmin kafin su ɗaure. A filin tsakuwa nan take fara tsinkewa, kuma in an ja ta da ƙarfi tana matse tsakiyar ƙafa har ta yi sanyi. Gara a sa gajera, a riƙa ajiye wata a jaka.

Wanda kuɗinsa bai kai Copa ba, in ya ci karo da Kaiser 5 mai haƙoran roba a gwanjo, ya duba shi da irin wannan dubawa. Ƙirarsu kusan ɗaya ce, fatarsa ce ba ta kai laushi ba, tana kuma ɗaukar lokaci kafin ta saba. Wanda kuma Allah ya hore wa kuɗin sa hannu a farkon kaka, shawararmu ita ce ya raba kuɗin takalmi gida biyu: Copa mai kyau don wasan gasa da gwaji, da wani mai araha mai ƙananan haƙora don atisayen jar ƙasa, inda ake kwana biyar a mako ana goge takalmi. In na wasan ya tsufa, shi ne zai sauko ya zama na atisaye. Ranar tafiya wasan waje kuma a saka duka biyun a jakar hannu, kada su shiga but ɗin mota ƙarƙashin kayan kulob inda zafi da nauyi za su murƙushe dunduniyar, tare da igiya ɗaya, filasta, da ɗan guntun sanfefa.